Hougang ko Aljunied: wacce ce ta fi wa 'yan adawa wuyar ƙwacewa a Singafo?

Mazaɓu biyu ne maƙwabtan juna a tsibirin Singafo, duk a hannun jam'iyyar adawa ta Workers' Party suke, amma fa tsarinsu ba ɗaya ba.

Hougang kujera ɗaya ce tal, mutum ɗaya ake zaɓa. Low Thia Khiang na Workers' Party ya ƙwace ta a 1991 kuma tun daga lokacin jam'iyyar PAP mai mulki bata sake ganinta ba, ko zaɓen cike gurbi na 2012 ma haka ta sha ƙasa. Wuri ne ƙarami, ɗan takara zai iya bin benaye gida-gida yana ƙwanƙwasa ƙofa har a saba da fuskarsa.

Aljunied kuwa wani abu ne daban, GRC ake ce mata, wato mazaɓar rukuni, tsarin da aka shigo dashi a 1988, mutum biyar ake zaɓa a dunƙule kuma dole a cikinsu a samu ɗan tsirarun ƙabilu, Bamalaye ko Ba'indiye misali, in kun ci ku kwashe duka biyar in kun faɗi kuma ku tashi a tutar babu. Shekara 23 ba wata adawa da ta taɓa cin GRC sai a 2011 da Low ya bar kujerarsa ta Hougang ya yi kasada ya ja tawaga zuwa can, suka samu kusan kashi 55, har ministan harkokin waje George Yeo ya rasa kujerarsa. A 2015 da ƙyar suka tsira, kashi 51 ma bai cika ba.

Ni dai a ganina Aljunied ta fi wuya nesa ba kusa ba, don tara mutum biyar nagartattu a ƙaramar jam'iyya ba wasa bane.