YouTube ko manhajar biya? Ki ɗauki na farko

'Yar'uwa, tsakanin bidiyon motsa jiki na kyauta a YouTube da manhajar da ake biya duk wata, ki tsaya a YouTube. Duka biyun na gwada.

Da tashar Fitness Blender na fara, ta wasu mata da miji ce, Kelli da Daniel. Ba kiɗa, ba ihu, ga agogo a gefe yana ƙirga miki daƙiƙoƙi. A lokacin gwiwata ta dama na damuna, sai na riƙa zaɓar bidiyonsu marasa tsalle. Ba na manta wata tafiyar aiki da na yi ta kwana biyar: ɗakin masaukin ƙarami ne, na shimfiɗa tawul tsakanin gado da bango, na jingina waya da kofi, na yi minti 20 kowace asuba ba tare da na tayar da mutanen ɗakin ƙasa daga barci ba. Na dawo gida jikina sakayau, abin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Yadda nake zaɓa kuwa, sai na kalli bidiyo zuwa ƙarshe a zaune kafin in bi shi. In ba a fara da ɗumama jiki ba, ko mai koyarwar bai nuna sassauƙar hanya ga mai farawa ba, sai in wuce. Guda huɗu ko biyar sun isa, ki adana su wuri ɗaya, don neman sabo kullum shi ke cinye lokacin. Ki rage ingancin hoton zuwa 360p, data za ta daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ke nan.

Ita manhajar, tana tsara miki jadawali, wannan kam na yarda. Amma darasin ɗaya ne da na kyauta, kuma na yi nadamar kuɗina.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara. Masu cewa "gwajin kyauta na kwana bakwai" suna karɓar bayanan katinki ne, ranar ta takwas su cire kuɗi, wani lokaci na shekara guda. Goge manhajar daga waya ba ya tsayar da biyan, sai kin shiga Play Store ko App Store kin soke da hannunki. Haka masu haɗa bidiyo da ɗamarar rage tumbi suna alkawarin sati ɗaya: motsa ciki kaɗai ba ya narkar da kitsen ciki, jiki daga ko'ina yake ƙona shi. Kar ki ba su ko sisi.

Ki fara gobe da minti goma marar tsalle. In gwiwa ko baya suka yi zafi mai suka, ki dakata ki ga likita tukuna.