Sabuwa, 'yar China ko Baljiyam: wace taya ta dace da babbar motarka?

Mai tirela ba ya sayen taya ɗaya ya huta. Kan mota mai ƙafa uku, wato layin taya uku, yana cin taya 10, bodi mai ƙafa uku da tagwaye ya ci 12, ga safaya a gefe. Kuma tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Ikeja a 2008, tayar babbar mota daga waje take zuwa mana. Dala ta yi tari, farashi ya kama zazzaɓi. Shi ya sa idan ka zauna da direbobi a Tafa ko Mararrabar Jos, da wuya a tashi hira ba a taɓo taya ba.

Zaɓi uku ne a gaban mai saye. Akwai manyan sunaye irin su Michelin, Bridgestone, Goodyear da Continental. Akwai 'yan China da Indiya: Triangle, Double Coin, Aeolus, Linglong, Westlake, Apollo, CEAT da sauransu. Sai ta hannu, wadda muke kira Baljiyam. Ni dai abin da shekaru suka koya mini shi ne ba a tambayar wacce ta fi kyau sai an faɗi ƙafar da za ta hau.

Ƙafar gaba ba wurin tsimi ba ce. Taya biyu ce kacal a wurin, babu 'yar'uwa a gefe da za ta tallafa idan ɗaya ta fashe, kuma ita ke riƙe da sitiyari. Na taɓa sayen Baljiyam guda biyu don ƙafar gaba a wani shago da ba zan kama suna ba. Zanensu zuru-zuru, baƙi wuluk kamar yau aka sauke su. Direbana ya tsuguna ya shafa gefen ɗaya, ya ɗago ya ce, “Alhaji, a mai da su ƙafar baya mana.” Na ce kuɗina ne. Kwana tara aka yi, ta dama ta tarwatse bayan Katari da lodin masara. Allah ya tsare rai, amma kuɗin janwe, da na mudugad da fitila, da kwana biyun da kaya suka yi a bakin hanya, sun sayi sababbi biyu har da canji. Da muka duba ragowar tayar, ashe sake yanka mata zane aka yi da wuƙar wuta har waya ta kusa leƙowa, aka bi ta da baƙin mai.

Sake yanka zane ba laifi ba ne idan kamfani ya rubuta REGROOVABLE a jikin tayar, domin ya bar naman roba a ƙarƙashi don haka. Amma a yi sau ɗaya, a hannun wanda ya san zurfin da zai tsaya, kuma kada ta je gaba. Zanen asali gindinsa sumul yake, akwai ƙananan tudu a cikin ramin da ke nuna iyakar cinyewa. Wanda aka yanka za ka ga sawun wuƙa, layin yana ɗan karkacewa, tudun nan kuma babu su.

To a gaba me za a sa? Idan motarka mai dogon zango ce, Legas zuwa Kano kan kwalta, babban suna yana biyan kansa: ya fi jure zafi, yana cinyewa daidai, kuma gangar jikinsa tana da sauran amfani bayan zane ya ƙare. Idan aljihu bai kai ba, sabuwar 'yar China mai sunan da aka sani ta fi kowace Baljiyam, komai girman sunan da ke jikinta. Abin gudu shi ne wadda ba wanda ya taɓa jin sunanta, yau tana kasuwa gobe babu.

A ƙafafun ja da na bodi kuwa lissafi ya canza. Motar da ke bin hanyar Birnin Gwari ko shiga ƙauyuka ɗaukar hatsi da citta, ba tsufa ke kashe tayarta ba. Rami ne, da bakin kwalta da ya zaizaye, da ƙarfe a hanya. Dutse ba ya tambayar sunan kamfani kafin ya tsaga gefen taya. A nan 'yar China mai kaurin gefe ta fi hankali. Haka tifar da ke ɗibar yashi da tsakuwa: a nema mata mai manyan haƙora da aka yi don hanyar ƙasa, ba mai zanen layi-layi na kwalta ba. Baljiyam, in dole ce, to bodi, kuma sai an cire ta an leƙa cikinta da tocila: faci a gefe, kumburi, tsagewar baki ko waya mai tsatsa, a bar wa mai ita kayansa. A sani kuma cewa tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Kwastan ta haramta shigowa da su, in ban da manya daga 11.00 x 20 zuwa sama da ake kawowa domin a sake musu fata a masana'anta.

Kafin ciniki, karanta jikin tayar. Lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT su ne ranar haihuwarta: 2423 na nufin mako na 24 a 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ƙirgawa daga ranar, don haka “sabuwa” da ta shekara biyu a sito rabin ranta ya tafi a wurinsu, kuma hujja ce ta neman ragi. Sai lambar nauyi. A kan taya mai girman 315/80R22.5 za ka ga 156/150 ko 154/150. Lamba 156 kilo 4,000 ce idan tayar ita kaɗai ce, 154 kuma 3,750, sannan 150 kilo 3,350 ce ga kowacce idan tagwaye ne. Harafin da ke biye gudu ne: K kilomita 110 a awa, L 120. Ka lissafa wannan da tan nawa kake ɗorawa, za ka gane dalilin da wasu tayoyin ke mutuwa ba laifin kamfani. A matsa bakin tayar ma a duba. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya don kwantena ta ɗauki da yawa, bakin ya lanƙwashe tun kafin ta taka ƙasa, kuma hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irinsu.

Batun mai tub da marar tub gajere ne. Tifofin Howo da yawa da 12.00R20 mai tub suke zuwa, kowane mai faci a ƙauye zai iya da ita. Marar tub ta 22.5 ba ta ɗaukar zafi sosai, ƙusa ta shige ta iska a hankali take fita, sai dai ba ta yafe wa lanƙwasasshen rim. Rim mai zobe kuwa ya kashe masu faci ba ɗaya ba. Yaro kada ya tsaya a kansa ana ba da iska. Rim ɗin da ya tsage a yar, kada a kai wa mai walda, balle a yi waldar da taya a jiki. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi, amma a hanyoyinmu na ƙarfe ya fi arha da haƙuri. A tabbatar faɗinsa ya dace: 315/80 rim mai faɗin inci 9 (9.00) take so.

Tagwaye kuma sai tsayinsu ya zo ɗaya. Sabuwa kusa da suɗaɗɗiya, doguwar ta ɗauke nauyin duka ta yi zafi, gajeriyar tana jan ƙasa tana gogewa. Bambancin kada ya wuce milimita 6. Kada a haɗa taya mai waya da ta nailan a ƙafa ɗaya.

Duk wadda ka saya, iska ce ranta. Bugun guduma da yaron mota ke yi da asuba yana gano wadda ta sace gaba ɗaya ne kawai. Geji, wato ma'aunin iska, shi ke faɗin gaskiya, a auna da safe taya na sanyi, a bi adadin da kamfani ya rubuta. A zafin Maris da Afrilu wasu direbobi kan tsaya su rage iska wai ta yi yawa. Kuskure ne: idan ta huce sai ta koma ƙasa da ƙa'ida, gefen ya riƙa lanƙwasa, zafin ya ninku. In ka ga gaba tana cin gefe ɗaya, a duba saitin ƙafa da kinfin, ƙarfen da ƙafar gaba ke juyawa a kansa, kafin a sa sabuwa, in ba haka ba ita ma haka za ta tafi.

Ranar da aka ɗaura taya, ina rubuta lambarta da ƙafar da ta hau da abin da mita ke nunawa a wani littafi da ke zaune a aljihun mota. Daga nan nake sanin naira nawa kowane kilomita ya ci, ba daga bakin mai shago ba. Notuna goman da ke riƙe da rim kuma sukan saki bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ta farko. Motar da ta tashi daga Kawo za ta Kano, umarnina ga direba shi ne ya tsaya a Kwangila a sake bin su da sifana ɗaya bayan ɗaya kafin ya sha shayi.