Gargaɗi ga 'yan uwa mazauna Ingila: a yi hattara da masu cewa za su goge CCJ

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata talla da ke yawo a guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp, har da Facebook da TikTok, ta wasu da ke cewa suna goge wa mutum CCJ, wato hukuncin kotu a kan bashi, daga rahoton kiredit ɗinsa (rahoton da ke nuna tarihin bashinsa) cikin mako guda, wai suna da nasu a cikin kotu ko a kamfanonin da ke ajiye rahoton. Za a ce ka turo rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, sauran sai aiki ya kammala. Don Allah kada wanda ya tura ko sisi. Damfara ce, kuma ɓarnarta ta wuce kuɗin da za a ci maka.

Ga wanda bai daɗe da zuwa ba, CCJ hukunci ne da kotun ƙaramar shari'a ta Ingila da Wales ke yankewa a kan wanda aka kai ƙara saboda bashi. Da an yanke shi sai a shigar da sunanka a wata rajista ta ƙasa da Registry Trust ke kula da ita, daga nan ne kamfanonin da ke ajiye rahoton kiredit, wato Experian da Equifax da TransUnion, ke kwasa su saka a rahotonka. Yana zama shekara 6 daga ranar hukuncin. A tsawon wannan lokaci dillalin gidan haya zai gan shi, banki zai gan shi, kamfanin waya ma idan ka nemi kwantiragi. Fom ɗin neman biza ko takardar zama shi ma yana tambayar ko kotu ta taɓa yanke maka hukunci a kan bashi. To ka ga dalilin da ya sa hankalin mutum ke tashi, ya kama duk hannun da aka miƙo masa.

Abin da ya fi ciwo shi ne da yawanmu ba su ma san an kai su ƙara ba. Yawancin irin waɗannan ƙararraki daga wata cibiyar kotu da ke Northampton ake aiko takardunsu ta gidan waya, zuwa adireshin da mai ƙara ya san ka da shi na ƙarshe. Kwana 14 gare ka ka amsa, idan ka sanar da kotu cewa takardar ta iso ka za ka kare kanka, sai ya zama 28. In aka ji shiru, mai ƙara ya nemi hukunci, a ba shi ba tare da an yi zama ba. Mu kuwa mun san yadda muke: bana kana Bradford a ɗaki ɗaya cikin gidan da ake haɗaka, baɗi aiki ya kai ka Coventry, wasiƙunka na can sun taru a bayan ƙofa wani baƙo yana zubawa a shara.

Haka ta faru da wani ƙanenmu mai aikin kula da tsofaffi. Da ya tashi daga tsohon gida ya canza adireshi a lasisin tuƙinsa, amma bai san takardar motar, wato V5C, ita ma sai an canza mata daban a hukumar lasisi da rajistar motoci ta DVLA ba. Wani kamfanin fakin ya rubuta masa tarar fam 100, wasiƙu suka yi ta zuwa tsohon gida, tara ta kumbura ta kusa fam 300, aka yanke hukunci. Bai sani ba sai da ya nemi gidan da zai sa iyalinsa, dillali ya kira shi ya ce ba za a ba shi ba. Kunya ta hana shi faɗa wa kowa. A daren ya ga tallar nan, ya yi magana da mutumin, da Hausa ma suka yi ta, har da "kada ka damu ɗan uwa, mun yi wa mutane da yawa." Ya tura kuɗi wani asusu mai sunan mace, ya tura hoton fasfo, da lambar NI (National Insurance), da kalmar sirrinsa ta shiga Experian. Bayan kwana biyu aka turo masa hoton allo mai nuna rahotonsa fes, maki ya hau, an ce ya cika sauran kuɗi. Ya cika. Da ya shiga da kansa ya duba, CCJ na nan daram inda ya bar shi. Hoton haɗa shi aka yi. Ya kira, a ce masa sai na'ura ta sabunta a ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo, aka toshe lambarsa.

Ku lura da abu ɗaya, shi ne gaba ɗaya maganar. Experian da takwarorinta ba su suka yanke hukuncin ba, kwafe shi kawai suke yi daga rajista, rajista kuma ba ta cire hukunci kafin shekara shidan ta cika sai kotu ta sanar da ita. Saboda haka ko da gaske mutum na da aboki a ɗaya daga cikin kamfanonin nan, kamfanoni uku ne, kuma tushen yana can inda kowa zai iya dubawa a shafin TrustOnline da kuɗin da bai wuce fam 10 ba. Babu wata ƙofar baya.

Hanyoyin gaskiya kuwa a buɗe suke, kuma kai da kanka za ka iya bin su. Idan hukuncin ba naka ba ne sam, an maƙala maka na wani saboda sunanku ya zo ɗaya, abin da ba wuya gare mu masu Muhammad da Abubakar da Ibrahim, sai ka shigar da ƙorafi kai tsaye wurin kamfanin da ya nuna shi. Kyauta ne, kuma doka ta ba su kwana 28 su amsa maka. Kana da damar ƙara bayani naka da bai wuce kalma 200 ba a jikin rahoton, wanda duk mai dubawa zai gani. In sun yi biris da kai, akwai ofishin ICO mai kula da bayanan jama'a. Neman ganin rahotonka na doka shi ma kyauta ne a duka ukun, kuma gara a duba duka, don ba lallai su zo ɗaya ba.

Idan ka biya kuɗin gaba ɗaya cikin wata guda daga ranar hukunci, cire shi ake yi ɗungurungum. In ka biya a kan lokaci amma har yanzu yana nunawa, ka kai wa kotu shaidar biya, akwai fom N443 na neman takardar shaida, kuɗinsa kaɗan ne. In wata ya riga ya wuce kafin ka biya, za a rubuta cewa an biya, amma zai zauna har shekara shidan ta cika. Wannan na ƙarshen ba daɗin ji, sai dai ita ce gaskiya, kuma mai ba da haya ko bashi yana bambanta wanda ya biya da wanda bai biya ba.

Sai babbar hanya, ta wanda aka yanke wa hukunci bai sani ba, ko bashin ba ya kansa, ko ya biya tun kafin a yanke. Shi zai cika fom N244 ya roƙi kotu ta jingine hukuncin. Kuɗin ya haura fam 300. Idan mai ƙara ya amince a rubuce cewa a jingine, kuɗin ya ɗan haura fam 100 ne kawai, shi ya sa yana da kyau ka fara rubuta masa. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana iya neman sassauci ta fom EX160. Alƙali zai duba ko an bi ƙa'ida wajen aiko maka takarda, ko kana da hujjar kare kanka mai ƙwari, sannan zai duba ko ka gaggauta zuwa bayan ka ji labari. A nan ne 'yan damfarar nan suka fi cutar mutum. Makonnin da ka ɓata kana jiran "na'ura ta sabunta" su ne alƙali zai tambaye ka ina ka shiga, kuma "ina jiran wani da na biya ya goge min ta bayan fage" ba amsa ba ce da za ka so faɗa a gaban kotu. Wanda kuma ya ji labari da wuri, da ya biya cikin watan nan ɗaya ya huta, sai su cinye masa kuɗin da kwanakin duka.

A kuma sani, jingine hukunci ba yafe bashi ba ne. Ƙarar ce ke komawa farko, ka samu damar kare kanka da ka rasa. Idan da gaske ana bin ka, biya za ka yi.

Akwai kuma wasu da suka fi waɗancan wayo, su ba sa guduwa. Za su cika maka N244 ɗin da wani rubutu da suke kwafa wa kowa, a ce ba ka taɓa ganin takardar kotu ba ko da ka gani, ko a ce wani ne ya ci bashin da sunanka alhali kai ka ci, su ce sa hannu a nan. Wurin da za ka sa hannun nan rantsuwa ce cewa abin da ke ciki gaskiya ne, kuma ƙarya a cikinsa raina kotu ne, laifin da kan kai mutum gidan yari. Sunansu ba ya ko'ina a takardar, naka ne. Haka masu cewa za su buɗe maka "sabon fayil" ta hanyar sauya harafi a sunanka ko ranar haihuwarka: zamba ce a dokar ƙasar. Mai zaune da biza ya yi tunanin abin da wannan zai jawo wa takardunsa. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Ban ce duk mai karɓar kuɗi a kan wannan aiki ɓarawo ba ne. Akwai lauyoyi na gaske da ke yi, kuma in shari'arka ta cukurkuɗe kuɗinsu ba asara ba ne. Amma lauya na gaske sunansa na cikin rajistar SRA, hukumar da ke kula da lauyoyi, kamfanin gyaran rahoton kiredit kuma dole ya kasance da izinin FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, duka ana dubawa a intanet cikin minti biyu. Ba zai ba ka tabbacin nasara ba, don ba shi ne alƙali ba. Ba zai ce ka tura kuɗi asusun wani mutum ba, ba kuma ruwansa da kalmar sirrinka. Kafin ma a kai ga lauya, Citizens Advice da National Debtline da StepChange suna ba da shawara kyauta, kuma ba wanda zai ji a unguwa. Mazauna Scotland su lura, tsarin kotunsu da fom ɗinsu daban ne, su tambaya a can.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa yau, ko ya buga 159 a haɗa shi da bankin kai tsaye. Tun 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'idar da ta wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi tsakanin asusun Birtaniya, har zuwa fam 85,000, in dai ya kai ƙorafi cikin wata 13 kuma ba a same shi da mummunan sakaci ba. Ya ajiye duk hirarrakin da lambar asusun, ya canza kalmomin sirrinsa, ya kai rahoto ga 'yan sanda. In ya ba da hoton fasfo, ya nemi rajistar kariya ta Cifas, ƙungiyar da ke yaƙi da zamba, don kada a ci bashi da sunansa, ya kuma riƙa leƙa rahotonsa. Sannan ya koma kan CCJ ɗin ba tare da ƙara kwana ba: ya samo lambar ƙarar da sunan mai ƙara daga kotu, ya tattara takardar hayar gidansa da ke nuna ranar da ya tashi, ya cika fom ɗinsa.