Waƙoƙin Mary J. Blige ko shirinta na talabijin: wanne za ki saya?

Ƙanwata, tunda kin ce kuɗinki na abu ɗaya ne, ko waƙoƙin mawaƙiyar Amurka Mary J. Blige ko shirin nan nata mai dogon zango, Power Book II: Ghost, to waƙoƙin za ki saya. Duka biyun sun shiga ɗakina. Ɗaya yana nan cikin akwatina har yau, ɗayan kuwa na bayar tun ban gama kallo ba.

Faifan waƙoƙinta mai suna My Life yayana ne ya kawo mini tsaraba, shekarar da aurena na fari ya mutu na dawo gida da goyo. Lokacin ko gaisuwa nauyi take mini. Idan gida ya yi tsit bayan isha'i sai in kunna shi, in rage murya don kada Baba ya ji, in kwanta kusa da 'yata. Turancina bai kai in tsinci kowace kalma ba, amma muryar matar nan ba ta neman tafinta. Tana da wata dusashewa irin ta wadda ta sha kuka ta share fuska ta tashi za ta yi magana. Daga baya na san dalili. A 1994 da kundin ya fito shekararta 23 kacal, tana fama da baƙin ciki mai tsanani da shaye-shaye da soyayyar da ke cin ranta. Ita da bakinta ta faɗi haka a fim ɗin tarihin kundin da aka yi a 2021.

Kuma kiɗan kansa abin saurare ne. Ta taso a gidajen talakawa na Yonkers, gefen birnin Niyok, inda tsoffin waƙoƙin sol na baƙaƙen Amurka ke tashi a ɗaki, samari kuma na rap a waje. Kamfanin Uptown ya ɗauke ta a 1989, da kundinta na farko ya fito a 1992 sai ga yarinya da hular samari da manyan takalma tana ɗora muryar coci a kan gangar hip-hop. Daga nan aka naɗa ta sarauniyar wannan salo. A My Life kuwa, makaɗi Chucky Thompson ya tsinto guntayen kiɗan su Roy Ayers da Curtis Mayfield da Barry White na shekarun 1970, ya shimfiɗa mata su kamar tabarma, ita kuma ta zauna a kai ta zayyana damuwarta. Shi ya sa bai tsufa ba. Idan canji ya rage miki, ki haɗa da The Breakthrough na 2005, wanda ya ciyo mata kambun Grammy 3 daga cikin 9 da take da su. A nan za ki ji muryar macen da ta fita daga ramin.

Shirin fa? Ba laifi. Ta fito a matsayin Monet Tejada, uwa mai riƙe da harkar ƙwaya ta iyalinta mijinta na kurkuku, kuma ya yi zango 4 a tashar Starz daga 2020 zuwa 2024. Sai dai labarin na wani saurayi ne, ba nata ba, ga harbe-harbe da tsiraici, ba abin kunnawa gaban yara ba ne. Ni dai na yi da-na-sanin kuɗina. In har wasan kwaikwayonta kike son gani, wata rana ki nemi Mudbound na 2017, inda ta fito uwar iyalin manoma a Misisipi ba kwalliya ba ado. Da shi aka sa ta takarar kyautar fina-finai ta Oska biyu a shekara ɗaya, ta wasa da ta waƙa, abin da ba wanda ya taɓa samu kafin ita.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu tura waƙa da fim a memori. Na taɓa biyan kuɗin "duk waƙoƙinta", na zo gida na tarar rabi na wasu mawaƙan ne aka liƙa musu sunanta, sauran kuma sauti kamar daga cikin rijiya. Wani zai sayar miki da memori an rubuta gig 32 a jiki, kina cika shi sai waƙoƙin su ƙi buɗewa, domin na jabu ne. Ki je da naki memorin, ki sa ya kunna miki farko da tsakiya da ƙarshe a gabanki kafin ki miƙa ko sisi. Waƙoƙin My Life guda 17 ne har da gajerun da ke tsakani. In kin ƙirga bai kai ba, an yanke miki. Idan kuma kina da data, ki saurare shi a shafinta na YouTube ko a Spotify tukuna.

Ki fara da My Life, da daddare, da abin sawa a kunne, daga na ɗaya har na ƙarshe ba tsallake.