Hadda ko gina jimla: wanne ya fi wajen koyon -ing na Turanci?

Masu shirin WAEC da JAMB suna yawan tambayar hanyar da ta fi wajen sanin inda aikatau ke ɗaukar -ing ya zama suna.

Hadda ta fi sauri. Ka riƙe enjoy, avoid, finish, mind, suggest, duk -ing ke bin su. Amma ba ta daɗewa a kai, kuma stop yana rikita ta: "stop smoking" daina shan taba ne, "stop to smoke" kuwa tsayawa ne don a sha.

Gina jimla biyar kullum yana cin lokaci, kuma sai da mai gyara. In babu, "look forward to see" zai zauna maka daram, alhali "seeing" ne daidai.

Wanda jarrabawa ta ƙarato masa, hadda za ta fisshe shi. Mai son iya rubutu da magana, gina jimla ya fi masa.