Wander Over Yonder: Katun ɗin da Kirkin Jarumi Ya Addabi Mugu

A yawancin katun na faɗa, bos ne ke farautar jarumi. A Wander Over Yonder kuwa bos ne ke neman wurin ɓuya, jarumin na biye da shi yana kiran sunansa da fara'a, ya riƙo masa abinci, yana so su rungumi juna. A kan wannan juyin aka gina barkwancin shirin gaba ɗaya, kuma ya riƙe shi har zango biyu ba tare da ya tsinke ba, ko da yake akwai wuraren da ya yi sanyi.

Craig McCracken ne ya ƙirƙiro shi, mutumin da ya yi The Powerpuff Girls da Foster's Home for Imaginary Friends. An fara nuna shi a Amurka a tashar Disney Channel cikin watan Agusta na 2013, aka mayar da shi Disney XD a 2014, ya ƙare a watan Yuni na 2016. Kashi 43 ne duka, 21 a zangon farko, 22 a na biyu. Kowane kashi minti 22 ne, kuma galibi an raba shi gida biyu, labari biyu masu minti 11 kowanne. Wanda ya zauna zai kalle shi tun daga farko har ƙarshe, kusan awa 16 zai ci.

Mutum huɗu ke riƙe da shirin. Wander wata 'yar halitta ce mai gashi ruwan lemo, siriri kamar tsinke, da doguwar koriyar hula mai tauraro da molon Turawa da ake kira banjo. Ba shi da gida, ba shi da makami, yawo yake daga wannan duniya zuwa waccan yana neman wanda zai taimaka wa. Sylvia ce abokiyar tafiyarsa kuma abin hawansa, shuɗiya, mai ƙarfi, mai saurin hannu, wadda ta fi yarda da naushi a kan lallashi. Lord Hater ƙwarangwal ne mai harba koren lantarki daga hannunsa, burinsa a ce shi ne mafi girma a duk sararin samaniya, amma halinsa na yaro ɗan shekara goma sha huɗu da aka ƙwace wa waya. Sai Commander Peepers, kwamandan rundunarsa, wanda shi da sojojinsa duk kawunansu ƙwayar ido ɗaya ce. Peepers ne mai ƙwaƙwalwar gidan. Shi ke tsara yaƙi, shi ke lissafi, shi ke kallon shirinsa na rushewa duk lokacin da maigidansa ya hango hular Wander daga nesa.

Yadda injin barkwancin ke aiki ke nan: Peepers ya kawo dabara mai kyau wadda da an bi ta da an ci nasara. Wander ya ɓullo, bai ma san ana yaƙi ba, ko kuwa ya sani bai damu ba. Hater ya watsar da dabarar ya koma bin Wander. Sylvia ta yi amfani da wannan rudanin ta fasa abin da ya kamata a fasa. Wander bai taɓa kai wa kowa duka ba, amma shi ne sanadin faɗuwar daular. A kashin "The Prisoner" Peepers ya kama shi ya kai shi jirginsu mai siffar ƙoƙon kai, shi kuwa ya ɗauki abin wasan ɓuya, ya bi jirgin lungu-lungu yana gaisawa da sojoji har Peepers ya kusa zaucewa.

Jarumi mai kyautata zato a kowane hali abu ne mai saurin gundura. Idan komai ya yi yana dacewa, mai kallo zai gaji da shi kafin kashi na biyar. Marubutan shirin sun gane haka, shi ya sa suka sa kirkin Wander yana da tsada, kuma sau da yawa ba shi ke biya ba. A "The Good Deed" kowane alheri da ya yi sai ya zama sharri ga wani na gaba, ya je gyara wancan ya ɓata wani, garin neman gira ana neman rasa ido. A "The Nice Guy" Sylvia na waje ƙishirwa na cin ta, ta aike shi kanti ya sayo mata abin sha kwalba ɗaya, shi kuwa duk wanda ya zo sai ya ba shi layinsa. Minti 11 cur a cikin kanti ɗaya, kuma yana daga cikin mafi ƙarfin zangon farko, don mai kallo na dariya yana kuma jin haushinsa. A "The Helper" suka sauka wata duniya da babu mai bukatar taimako, sai ga Wander ya rikice kamar mashayin da aka hana shan abinsa. A nan shirin ya fito fili ya nuna cewa taimakon nan har da jaraba a ciki, har da shisshigi.

Amsar dalilin wannan hali sai a zango na biyu, a "The Wanders". Wander ya shiga wani kogo ya tarwatse gida-gida, kowane yanki na halinsa ya zama mutum mai zaman kansa: mai wauta, mai son waƙa, mai tsoro, da sauransu, Sylvia na bi tana tattaro su. Na ƙarshe da ta samu ƙarami ne, a takure, yana rawar jiki, kuma idan babu shi sauran ba sa haɗuwa su zama Wander. Ma'anar ita ce wanda ya ɗanɗani rashin mataimaki shi ya fi sanin darajar taimako. Ba a tsaya dogon bayani ba, ba a ba da tarihin yarintarsa ba, aka wuce. Wannan taƙaitawar ta fi duk wani jawabi da za a sa a bakinsa.

Akwai kuma iyakar da aka shata masa. Mutum ɗaya tak Wander yake ɗauka a matsayin abokin gaba na haƙiƙa, Dr. Screwball Jones na kashin "The Boy Wander", wanda mawaƙin barkwanci Weird Al Yankovic ya yi wa murya. Shi ma so yake kowa ya yi farin ciki, amma da tilas, ta hanyar yi wa mutane cakulkuli har su kasa numfashi. Wander na iya yafe wa mai ƙwace duniyoyi, amma ba ya yafe wa mai tilasta dariya. Wanda ya kalli wannan kashin zai daina yi wa jarumin kallon wawa.

Kayan aikinsa biyu ne, kuma an yi musu doka mai kyau. Hularsa tana fitar da kaya iri-iri, sai dai abin da kake bukata take ba ka, ko da ba shi ka roƙa ba. A "The Hat" Sylvia ta rage ita da hular, tana neman abu kaza ana miƙo mata wani daban, sai daga baya amfanin kowanne ya bayyana. Wannan dokar ce ta hana hular zama hanyar tserewa ga marubuci malalaci. Na biyu ruwan orbble ne, wanda suke hura ƙatuwar kumfa da shi su shiga ciki su taka a sararin samaniya. Ruwan na ƙarewa, don haka ana iya makalewa.

Ta fuskar zane, salon tsofaffin katun na guje-guje aka bi: jiki na miƙewa kamar roba, fuska na narkewa, launi mai haske, kowace duniya da siffarta. Kamfanin Mercury Filmworks na Kanada ne ya fara motsa zanen, Boulder Media na Ayalan ya karɓa daga baya. Andy Bean ne ya yi kiɗan, kuma ya raba shi yadda kunne kaɗai zai gaya maka wanda ya shigo: banjo ga Wander, jita mai ƙara ta lantarki ga Hater. Jack McBrayer ya ba Wander muryar mutanen kudancin Amurka mai laushi, April Winchell ta yi Sylvia, Keith Ferguson ya yi Hater, Tom Kenny mai muryar SpongeBob ya yi Peepers. Ferguson ne gwanin cikinsu, don yana iya tashi daga tsawa ya faɗa kukan shagwaɓa a cikin numfashi ɗaya. Kada a tsallake sunayen ƙarshen kashi, domin a gefensu ana nuna ɗan ƙarin wasa da ɗanyen zane wanda ba a shafa wa launi ba, wani lokaci ma ya fi na cikin kashin ban dariya.

Sun kuma yi wasa da tsarin ba da labari fiye da yadda ake tsammani daga katun na yara. "The Breakfast" an raba allo biyu, Wander a gefe yana fafutukar haɗa karin kumallo, Hater a ɗaya gefen, kusan babu magana, kuma shi ya ciyo wa shirin kyautar Annie, wadda ake ba masu yin katun, a 2016. "The Day" da "The Night" tagwaye ne: a ɗaya Sylvia ke ɗauke da Wander yana barci, a ɗayan shi ke hana duk wata ƙara tashin ta. "The Troll" kuwa darasi ne ga duk mai riƙe da waya: wata 'yar halitta mai baƙar magana tana ƙara girma duk lokacin da aka tanka mata, mayaƙa na ta hasala tana ta kumbura, Wander na zaune abinsa bai ko ɗaga kai ba.

Inda ya gaza. Kashi biyar ko shida na farko suna da hayaniya ƙwarai, ihu a kan ihu, kuma Wander na lokacin bai wuce fara'a da tsalle ba. Mai kallo na iya ajiye shi a nan. Zangon farko ba shi da zaren labari, kowane kashi na komawa inda aka faro, don haka idan aka jera goma a zama ɗaya sai tsarin da aka bayyana a sama ya fara bayyana ƙarara, ka san abin da zai faru kafin ya faru. Uku ko huɗu a zama ya fi. Emperor Awesome, wani mai kan kifin shak da son casu, barkwancinsa guda ɗaya ne, an kuma maimaita shi fiye da kima.

Zango na biyu ya gyara matsalar zare da shigowar Lord Dominator, wadda Noël Wells ta yi wa murya. Ita ba ta da raunin Hater. Ba ta neman yabo, ba ta son mulki, fasa duniyoyi take da wani ƙaton abin haƙa don nishaɗi kawai. Kashi huɗu masu cikakken minti 22 ne ginshiƙan zangon: "The Greater Hater", "The Battle Royale", "My Fair Hatey" da "The End of the Galaxy". Tambayar da suke yi ita ce, me mai kyautata zato zai yi da wanda ba ya son a gyara shi? Sai dai hanyar da aka bi zuwa amsar ta yi tsawo. Da Wander ya gano Dominator mace ce, sai ya ƙudurta haɗa ta soyayya da Hater, aka ja wannan zancen kashi da yawa alhali mai kallo ya riga ya san ba za ta yiwu ba. Abin da ya fanshi jan shi ne "My Fair Hatey", kashin waƙoƙi, inda ita da bakinta ta rushe shirin, Wander ya ga kuskurensa da idonsa. Daga nan shirin ya yi nauyi. A "The Flower" jarumin da ba ya karaya ya karaya, Sylvia mai naushi ce ta koma lallaɓa 'yar fure ɗaya don ta dawo masa da zuciya. Wanda ba ya son a ɓata masa ƙarshe ya tsallake jimla mai zuwa. Wander ya miƙa wa Dominator hannun abota, ta ƙi, ta tafi abinta, kuma shirin bai yi kamar ya yi nasara a kanta ba.

McCracken ya tsara zango na uku, Disney ba ta saya ba. Labarin Dominator ya rufe, amma hoton ƙarshe ya buɗe wata ƙofa da ba a taɓa shiga ba. A shiga da sanin haka.

Ga mai son gwadawa kafin ya ƙona data, ya fara da "The Greatest" don sanin mutanen, sai "The Nice Guy", sai "The Little Guy", labarin wani ƙaramin sojan Hater mai suna Westley da ya kama Wander da Sylvia shi kaɗai, ya kwana da su a hanya, tunaninsa ya fara sauyawa. Idan waɗannan ukun ba su kama mutum ba, sauran ma ba za su kama shi ba. Zangon farko ana iya kallonsa a hargitse, ban da tagwayen da aka ambata, da kuma "The Gift 2: The Giftening" wanda da gangan aka fitar da shi kafin "The Gift", labari ɗaya daga ɓangarori biyu. Zango na biyu kuwa dole a bi shi a jere. Shirin na kan Disney+ a ƙasashen da manhajar ke ɗauke da shi.

An yi shi ne don 'yan shekara 7 zuwa sama. Babu jini, dukan irin na katun ne da ake baje mutum ya tashi ya karkaɗe jiki. Abin da iyaye za su so su sani: akwai zancen neman budurwa a bakin Hater, akwai casu da rawa a kashin Emperor Awesome, sannan sulken Dominator da fasa duniyoyi na iya tsorata ɗan shekara huɗu ko biyar. Turancin yana da sauri, cike da wasa da kalmomi, musamman a bakin Sylvia da Peepers, don haka babba ma zai fi jin daɗinsa idan ya kunna rubutun ƙasan allo. Yaron da bai fara jin Turanci sosai ba a fara masa da "The Breakfast" da "The Night", inda motsi ke ɗauke da labarin.