Akwatin zuba pila: katako, ƙarfe ko marin bod?

Mai shirin ɗora gini a kan piloli, ko rumfar shago ce, ko sito da ake son ɗagawa daga ƙasa saboda ruwan damina, ko mazaunin tankin ruwa, hankalinsa kan siminti da rodi yake tafiya. Akwatin da za a zuba kankaren a ciki kuwa sai a bar wa kafinta. Ni dai na daina bari, kuma zan faɗi dalili.

Abu huɗu ake samu a Kano. Akwai katakon nan mai faɗin inci 12 da ake saya a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo. Yana da sauƙin kuɗi, amma yawanci ɗanye yake zuwa daga Kudu, iskar hunturu na bugunsa sai ya karkace, ruwan siminti ya riƙa tsiyaya ta haɗin, a buɗe a ga tsakuwa ta yi tsirara. Akwai akwatin ƙarfe na haya, wanda na bar wa 'yan kwangila masu piloli hamsin, don na haya da wuya ka samu wanda guduma ba ta lotsa ba. Akwai kuma bututun roba ga mai son pila zagayayya. Zubi ɗaya ne, ko ka bar shi a jiki ko ka tsaga shi.

Nawa zaɓin shi ne na huɗun, marin bod, wato filawud ɗin nan (allon da ake yi da siraran shimfiɗun katako a manne) mai baƙar fuska mai santsi. Falle ɗaya ƙafa 4 ne a ƙafa 8, kuma wanda ya dace da wannan aiki shi ne mai kaurin milimita 18. Ga lissafin da ya sa nake son sa. Pilar gidajenmu inci 9 ce a inci 9, daidai da bulo. Kafinta zai tsaga gefe biyu inci 9, sauran biyun inci 10 da rabi don su rufe bakin 'yan'uwansu. Jimla inci 39 ke nan cikin 48, har da rara. Falle ɗaya ya ba ka akwatin pila mai tsayin ƙafa 8, ko akwati biyu na gajerun piloli masu ƙafa 4. Ka zuba yau, jibi ka kwance, ka goge, ka shafa ɗan mai, ka matsa gaba. Fuskar pilar takan fito sumul, filasta kaɗan ta ishe ta.

Sai dai komai kyan allo, ɗauri ne ke riƙe shi. Ɗanyen kankare nauyi gare shi, kusan kilo 2,400 a kowace mita kubik, kuma a gindin akwati yake fi turi. Don haka a matso da katakon ɗauri kusa da juna daga ƙasa, a tokare akwatin ta ɓangare biyu, a duba miƙewarsa kafin zubi da bayan zubi.

To, yanzu ga inda aka cuce ni. Na tashi zuba gajerun piloli goma sha biyu, na shiga wani shago, aka nuna mini allo baƙi wuluk yana sheƙi, gefensa an shafe da fenti. Mai shagon har da rantsuwa. Zubin farko lafiya. Da aka zo na biyu, gefen allon ya kumbura kamar burodin da ya kwana a shayi. Lebura na tsakiyar juye kwano sai muka ji ƙara, gindin akwatin ya buɗe, kankare ya malale a kan takalmansa. Kafintan ya ɓare fuskar allon da farce, ya nuna mini gutsattsarin tsohon katako da ramuka a ciki, ya ce, "Alhaji, wannan ai riga kawai aka sa masa."

Tun daga nan ba na sayen allo da ido. Fentin gefe aikinsa hana ruwa shiga, amma shi ne kuma mafakar 'yan damfara. Ka tafi da tef ɗinka, domin mai milimita 15 ma cewa ake yi 18 ne, kuma ka auna wanda za a ɗora maka a a-kori-kura, ba na nuni da ke bakin ƙofa ba. Ka ɗaga ka ji nauyi. Na jabu sakayau yake. Ka ƙwanƙwasa tsakiyarsa, in ya yi amo kamar ganga akwai rami. A kula da na hannu da ake gogewa a sake fente shi, ramukan ƙusa da aka cike su ne ke tona shi. Kuma kada ka yarda da yawan zubin da mai shago zai ce allon na ɗauka, ba shi zai tsaya a wurin aikin ba.

Abin da nake yi yanzu, falle ɗaya nake fara saya. A yanka mini ƙyalle a wurin in ƙirga shimfiɗun cikinsa, sannan in jefa shi a bokitin ruwa ya kwana biyu. In ya fito bai rabu ba, sai in koma da kafinta mu ɗauko sauran daga tulin da aka ciro na farkon.